Dandamalin Mutum Goma Sha Biyu

Yayana kafinta ne, ya haura shekara talatin yana sana'ar, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, duk da ni ma ba a yi mini shaidar sanyin hali a gidanmu ba. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran babur da kantin magani. Ƙofofi yake yi, da gadaje, da bencinan makaranta. In ka shiga za ka tarar da shi da fensir a bayan kunne, ƙusa biyu a baki, yana yi maka magana ta gefen leɓe, kai kuma ka yi ta cewa "na'am?" har ka gaji.

Amma abin da unguwa ta san shi da shi, dandamali ne na taro. In ya gama haɗawa sai ya hau ya yi ta tsalle a kan kowane katako, dattijo da furfurarsa, mutane na dariya. Daga nan ya ɗauko jan fenti ya rubuta a jikin matakala yawan mutanen da dandamalin zai ɗauka. Ranar taro kuma ba ya zama. A gindin matakala yake tsayawa yana ƙirga masu hawa, adadi na cika ya gitta hannu.

Mu 'yan gida mun san dalili. A shekararsa ta biyu da buɗe shago ya yi wa wata makarantar firamare dandamali na ranar raba kyaututtuka. Mutane suka yi wa dandamalin yawa, ya rufta. Ba a rasa rai ba, amma wata malama ta karye a cinya, ƙashin kuma bai koma daidai ba. Gidanta na bayan shagon, saboda haka kusan shekara ashirin kullum da safe ta gabansa take wucewa tana ɗingishi. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Gaishe shi take yi, har ta tambayi iyali. Ya taɓa gaya mini cewa da zaginsa take yi, da ya fi samun sauƙi. Tun daga lokacin abu ɗaya ya sa a gaba: kada wani mahaluƙi ya sake faɗowa daga kan aikin hannunsa.

Yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin magoya bayan jam'iyya na unguwarmu, katinsa ma lamba huɗu ne. Bai taɓa neman muƙami ba, don in aka miƙa masa makirfo gumi kawai yake yi. Gudummawarsa ita ce dandamali. Katakon na kulob ne, yana ajiye a sito bayan ofis, duk taro Yaya ya fito da shi ya haɗa, in an tashi ya kwance. Ni kuwa ina ɓangaren mata, aikina raba lemo da biskit da yin faɗa da masu karɓa sau biyu.

Da zaɓe ya matso, kulob ya shirya liyafa don gabatar wa unguwa ɗan takarar majalisa. Ana saura kwana uku Yaya ya buɗe sito, ya tarar rufin ya yi yoyo, babban katakon da ke ɗauke da tsakiyar dandamali ya sha ruwa har ya fara laushi ta gefe guda. Ina ofis ina jera kwalabe ya shigo wurin Ciyaman.

"Ciyaman, katakon tsakiya ya sha ruwa. A sake shi."

"Yanzu? Kwana uku fa ya rage, ga fasta ba a karɓo ba. Ka lallaɓa, bayan zaɓe a sake komai."

"To zan tokare shi ta ƙasa. Amma mutum goma sha biyu zai ɗauka, ba ƙari."

"Haba Kafinta, bara ba ashirin ka ce ba?"

"Bara rufin bai yi yoyo ba."

"Shi ke nan, sha biyun. Ai mu ne masu hawan, mun san kanmu."

Ai kuwa sun san kansu, shi ya sa ban yarda da maganar ba.

Ranar Asabar da ƙarfe uku filin bayan ofis ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an zagaye ƙasan dandamali da yadi mai launin jam'iyya, lasifika na tashi kamar za ta fasa kunne. Ɗan takara bai zo da wuri ba, kamar yadda suka saba. Kafin ya iso, manyan kulob suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya: Ciyaman, mataimakinsa, sakatare, shugabar mata, dattawan da ake kira iyayen ƙungiya. Kowa na jan kujerarsa kusa da babbar kujerar tsakiya, don an ce hoton ranar ne za a buga a fasta. Yaya na ƙirga, ya kai goma sha ɗaya ya ɗaga murya ya ce a bar wa baƙo wuri. Wani dattijo ya riga ya ɗora ƙafa a matakala, Ciyaman ya ce a ƙyale shi, in baƙo ya zo wani zai sauka.

Wajen ƙarfe biyar motoci suka iso da jiniya. Ɗan takara ya fito, dogo, ƙaƙƙarfa, cikin fararen kaya, yana ɗaga hannu ana ihu. Ya nufi matakala da 'yan rakiyarsa. Ina tsaye da kiret ɗin lemo a hannu na ga Yaya ya gitta hannu.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ya cika. Sai wani ya sauko."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne aka shirya. "Baba, ni ne fa baƙon."

"Na sani, ranka ya daɗe. Katakon ne bai sani ba."

Yaya ya ɗaga kai ya dubi mutum goma sha biyun nan da ya yi shekara da shekaru yana zama da su. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Sakatare ya shiga juya takardu kamar ya yar da wani abu a ciki. Shugabar mata ta hau gyaran ɗankwali. Dattijon da ya hau ƙarshe ya lumshe ido, ka rantse barci ya kwashe shi. Ba wanda ya motsa.

"Kafinta, kauce mana," in ji Ciyaman ta cikin haƙora. "Kada ka kunyata mu gaban jama'a."

Bai kauce ba. Wani ƙato cikin masu tsaron ɗan takara ya ɗaga shi cak ya ajiye a gefe, kamar yadda ake matsar da kujera. Fili ya ɗauki dariya. Ɗan takara ya hau, 'yan rakiya suka duru a bayansa, masu hoto suka bi. Na ƙirga har ashirin da shida, daga nan lissafi ya kuɓuce mini.

Da na waiga ban ga Yaya ba. Na ɗauka ya yi fushi ya tafi gida, na ce ya ma fi masa. Na ci gaba da rabon lemo ina zagin kowa a zuciyata, har da shi.

Ciyaman ya yi jawabi, sakatare ya karanto tarihin ɗan takara tun daga haihuwa, sannan shi kansa ya karɓi makirfo. Ya yi alkawarin hanya, ya yi na ruwa, duk alkawarin da ya yi sai na kan dandamali su miƙe su buga ƙafa suna tafi. Ana cikin haka na zagaya baya in ajiye kwalaben da aka shanye. A ƙasan yadin nan na hango takalman Yaya.

Na ɗaga yadin na leƙa. Yana durƙushe a tsakiya, a cikin duhu da ƙura. Katakon tsakiya ya tsage, gungumen da ya tokare shi da shi ya karkace yana neman zamewa, shi kuma ya sa kafaɗarsa ta dama ya danne gungumen, ƙafafunsa sun nutse a ƙasa. Duk bugun ƙafar da aka yi a sama sai garin katako ya zubo masa a ka. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Yaya! Ka haukace ne? Fito!"

"Rufe mini baki," ya ce da ƙyar. "In kika yi ihu za su rugo lokaci ɗaya, a nan ne zai karye. Je wurin direbobi ki kawo jak na ɗaga mota."

Na ruga da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Direbobin ɗan takara suka dube ni sama da ƙasa, ɗaya ya ce ba a taɓa kayan motar oga sai da izini. Na ce masa Allah ya isa, na wuce. Sai a bakin titi na samu wani mai tasi, bai tambaye ni komai ba ya buɗe but ya miƙo mini. Na dawo na rarrafa ciki. Yaya na gaya mini yadda zan yi, na ɗora jak ɗin a kan bulo biyu, na yi ta juya ƙarfen, har ya kama katakon ya ɗauke nauyin. Sai a lokacin ya saki. Ya zame ya zauna a ƙasa, hannunsa na dama na lilo kamar ba nasa ba.

A samanmu aka sa kiɗa, aka yi hotuna, aka sauka lafiya. Ba wanda ya san abin da ya faru.

A asibiti likita ya ce jijiyar kafaɗar ta yage, kuma a shekarunsa da wuya ta koma. Hannun ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji. Kafinta kuwa da ba ya iya ɗaga guduma, ban san sunan da za a kira shi ba.

Yaya ya ce in yi shiru, ni kuma ba a haife ni da wannan baiwar ba. Na je ofis na zayyana wa Ciyaman komai. Ya saurare ni yana danna waya, sannan ya juyo da ita ya nuna mini hoton ranar, kowa baki har kunne.

"Ki ƙirga da kanki. Mutum talatin, kuma bai faɗi ba. Yayanki tsufa ne ya kama shi, ga tsoro. Kwamiti ma ya dakatar da shi wata shida, saboda abin da ya yi wa baƙo."

Na fito ina kuka don takaici. A unguwa kuma aka laƙaba wa Yaya suna Sha Biyu, yana wucewa ana kira.

Dakatarwar ta yi masa ciwo, amma ba ita ta hana shi cin abinci ba. Labari ne ya iso masa cewa za a yi babban gangami kafin zaɓe, an kira wani kafinta daga wata unguwa, an ce masa ga katako nan a sito, mutum talatin yake ɗauka, an gani da ido. Yaya ya je har shagon mutumin ya yi masa bayani. Mutumin ya ce ya ga tsagin, zai ɗora masa falanki ya buga ƙusa, Ciyaman ya ce ya isa.

"Kin gani?" Yaya ya ce da ni da ya dawo. "Ni na jawo. Na riƙe katakon, yanzu sun yarda da shi."

Washegari da hantsi ya zo gidana da zarto a hannun hagu.

"Taso ki riƙe mini wani abu."

Makullin sito na wurinsa, an manta ba a karɓa ba. Muka jawo katakon zuwa bakin ƙofa, ana kallonmu. Ya fara yanka da hagu, zarton na ta zamewa, har ya kusa yanke gwiwa. Na fizge na ce ya matsa. Shi ya taka katakon da ƙafa yana nuna mini inda zan bi, ni na yanka. Gida huɗu muka raba shi, don kada wani ya ce zai haɗa. Cikinsa baƙi ne, yana marmashewa a hannu.

Daga nan ya shiga ofis da guntu ɗaya, ya ajiye a kan teburin Ciyaman, ya ɗora makulli da katinsa a kai. Ciyaman ya miƙe yana faɗa, wai ɓarnar dukiyar ƙungiya, wai 'yan adawa ne suka saye shi. Wannan kalmar ta ƙarshe ce na ga ta soki Yaya, don mutumin nan bai taɓa jefa wa wata jam'iyya ƙuri'a ba. Ya juya muka fito. Kafin la'asar mota ta kawo sabon katako. Ashe ana iya samu a yini ɗaya.

Ranar gangamin bai je ba, ni ma ban je ba. Na same shi a shago yana zaune, hannun a kan cinya, aikin mutane jingine da bango ba a gama ba. Filin ba nisa, lasifika na shigowa har ciki. Na ce bari in rufe ƙofa, ba sai mun sha surutunsu ba.

"Bar ta a buɗe."

"Me za ka ji? Ƙaryar da ka riga ka sani?"

"Ba maganar nake saurare ba. Ban ga yadda ya kafa ƙafafun ba, ban san ko nawa suka hau ba."

Haka ya zauna awa uku, kunnensa na wajen, duk ihun da aka yi sai ya ɗago kai ya jira. Sai da aka kashe lasifika, muka ga mutane na wucewa ta gaban shago suna hira da dariya, sannan ya sauke numfashi ya miƙe. Ya kai hannu zai jawo ƙofar shagon daga sama, hannun ya tsaya a rabin hanya. Ya dube shi, ya dube ni.

"Zo ki jawo mini," ya ce.