Ɓurtuntunar Gindin Gawo

Jan maganin iri ya shigo garinmu bayan babban farin da ya ƙarar da shanun Filani, damanar da rijiyar bakin kasuwa ta rufta, ina goyon autana. A Mandera nike aure. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ni mance shi, kuma ba a haifi mai gyara mini labarina ba.

Kahin maganin nan, ba gonar dawar da ba ta da ɓurtuntuna. Zangarniya ce ke fitowa, maimakon tsaba sai ta yi wasu 'yan jakunkuna farare, in sun tsufa su fashe da baƙin gari. Manomi ba ya son ganinta, hasara ce. Amma in ka same ta ɗanya ka tauna, akwai gardi, da ɗan zaƙi, da ƙanshin ƙasa in an yi ruwan farko. Duk cikin da na yi, ita nike kwaɗayi. Malam maigidana, Allah ya jiƙan shi, sai ya dawo gona da ita cikin aljihun taguwa, ya aje mini bisa faifai yana tsaki.

"Ke dai kin huta. Mutane na kukan cuta ta cinye musu dawa, ke kina cin cutar."

Na ce, "To wa ya aike ka ka ɗauko?"

"Ba ni ba ne, aljihun ne."

Da malamin gona ya kawo maganin, anka tara maza ya gwada musu yadda ake zuba iri cikin ƙwarya, a barbaɗa garin, a girgiza har tsaba ta yi ja. Ya ce ƙurar ɓurtuntuna tana manne da tsaba tun cikin rumbu. In an shuka sai ta farka tare da dawar, ta riƙa hawa cikin kara siririya kamar zare, ba mai ganinta sai kai ya fito. Maganin yana fasa fatar zaren nan tun yana ƙarami, ruwan cikinshi ya tsiyaye, ya kasa hawa. Malam ya zo ya maimaita mini duka yana murna. Na ce madalla. Ban roƙe shi komi ba, ni ba a san ni da roƙo ba.

Da kaka ta matso, sai ga Malam da ɓurtuntuna cikin aljihu. Ashe ya ware iri cikin tafin hannu bai sa mishi magani ba, ya shuka can gindin gawo, nesa da iyakar maƙwabta. Haka ya yi ta yi kowace damana har ƙarfinshi ya ƙare. Bai taɓa cewa don ni ya yi ba. In na tambaya sai ya ce maganin ne bai isa ba.

Bayan rasuwarshi gonar ta koma hannun Auta. Shi a leda yake sayo iri daga Bodinga. Damana ta yi ta wucewa, bakina bai yi baƙi ba. Bara na ce a kai ni gona bisa babur, wai ina son ganin yabanya. Na bi dawar nan da sandata ina duban kawuna, har na tsinci guda mai ɓurtuntuna a gefe. Wayyo ni. Jakunkunan sun motse, sun karkace kamar busasshiyar kuɓewa. Na fasa ɗaya, ba gari, ba danshi, sai wani abu ruwan toka kamar saƙar gizo. Na kai baki, ɗaci.

Auta ya ce, "Inna, tofar! Mi kike nema cikin cuta?"

Ni da ban roƙi ubanshi ba, ranar na roƙi ɗa. Na faɗa mishi abin da Malam ke yi gindin gawo, na ce in damana ta zaka ya bar mini ɗan iri ba magani. Ya daɗe yana kallon itacen nan.

"Inna, irin yanzu wankakke ne tun daga kamfani. Ko ban sa magani ba, ƙurar babu ta a jikinshi. Sai in an samu tsohon irin rumbu."

Ya zagaya har Sifawa yana cigiyar dawa mai cuta, mutane na tambayarshi ko lafiya. Bai samo ba.

Cikin waɗanda sunka san ɗanɗanon abin nan, saura ni, da ƙanwar Malam da ke Shagari, ita kuwa haƙoranta sun zube. Sai wani tsoho makaho a Horo Birni da anka ce bai taɓa yarda da maganin ba. Auta ya je har can neman iri, 'ya'yan tsohon sun ce mishi ya koma in sun buɗe rumbu.