Jan Murfin Kwalba

Mu huɗu ne, kuma babu wanda iyayensa suka turo jami'a don ya karanta falsafa. Wani kwas ne na dole da ake yi wa kowa a shekarar farko. Sauran ɗalibai suka haddace, suka zubar a jarrabawa, suka yi gaba abinsu, mu kuwa abin ya maƙale mana a wuya. Duk Asabar bayan la'asar sai mu haɗu a gindin wani mangwaro a unguwar Abbare, bayan gidan da ɗayanmu, wani ɗan Jukun mai fara'a, yake haya. Akwai wata 'yar ƙabilar Mumuye mai karatun shari'a, bakinta kamar reza. Sai ni, mai saurin hawa kamar farashin fetur. Na huɗunmu shi ne abokina, Bafulatani daga unguwar Kachalla Sembe, dogo, shiru-shiru, ɗan fari a gidansu, kuma na farko da ya taɓa taka ƙofar jami'a a duk danginsu.

Babu abin da ba mu tattauna ba. Tsoffin Girkawa sun ce ba a shiga kogi ɗaya sau biyu, sai muka kwashi jiki muka tafi kogin Mayo Gwoi muka jiƙa wanduna don mu gani. Mun yi musu a kan keken da aka canja masa taya da inji da rumfa ɗaya bayan ɗaya, shin shi ne dai keken da aka saya, ko wani ne daban? Mun yi a kan tirelar da birkinta ya tsinke, ko direba ya karkata ya kashe mutum ɗaya ko ya bari ta niƙe biyar. Mun yi a kan ko waya tana tunani ko kwaikwayo kawai take yi. Wallahi a lokacin gani muke duniya jira take mu gama magana ta gyaru.

Matsalar ita ce ni da 'yar Mumuyen ba ma iya musu ba faɗa. Ranar da na ce mata kanta dutse ne, ta ce, "Kai ma kan naka ba ruwa a ciki," ta ɗauki jakarta za ta tafi, ranar abokina ya kawo dokar da ta zama al'adarmu. Ya tsinci murfin kwalbar lemo guda biyu, ja da kore, ya jefa a hularsa. Mutum biyu za su sa hannu ba tare da sun duba ba. Wanda ya ciro kore zai kare abin da mutane suka yarda da shi. Wanda ya ciro ja zai rushe shi iya ƙarfinsa, ko da zuciyarsa ba ta so. Asabar mai zuwa kuma sai a yi musaya, mai ja ya karɓi kore ya rushe maganar da shi kansa ya gina. Ba a barin tambaya sai an yi wannan rabi na biyu. Dokar ta yi mana daɗi, domin daga ranar babu wanda ya ƙara jin haushin wani, tunda kowa ya san murfi ne ke magana.

A shekararmu ta uku mahaifiyar abokina ta rasu, bayan jinya mai tsawo da ta cinye ta har ta koma kamar kara. Mun je gaisuwa. Gidan shiru, babu mai kuka a fili, babu mai ambaton irin wahalar da ta sha. Abokina na zaune a ƙarshen tabarma yana amsa "sai haƙuri" da kai. Na san halinsu ne na kunya da dauriya.

Da ya dawo makaranta, tambayar da ke kan layi, wadda muka tsara tun kafin rasuwar, ita ce: wahalar da ke samun wanda bai yi laifin komai ba, tana da wata ma'ana? Ɗan Jukun ya ce a tsallake ta. Abokina ya cire hularsa ya ce doka doka ce. Ni da shi muka sa hannu. Na ciro kore, ya ciro ja. 'Yar Mumuyen tana ƙauyensu ranar, ana haƙar doya, ta roƙa a naɗa mata a waya kada ta rasa.

Ban taɓa jin ya yi magana kamar ranar ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce idan wahala darasi ce, me ya sa ake koyar da wanda ba zai tashi ya yi amfani da darasin ba? Idan jarrabawa ce, wace irin jarrabawa ce ake ci gaba da yi wa wanda ya riga ya daina gane 'ya'yansa? Ya ce mu masu lafiya ne muke ƙirƙiro ma'ana don mu iya cin tuwo bayan mun fito daga ɗakin mara lafiya. Ni da koren murfina na yi ta kame-kame, na kawo haƙuri, na kawo lada, na kawo abin da malaman Bagadaza suka faɗa, duk ya bi ya tattake. Da muka tashi ya dafa kafaɗata yana murmushi.

"Kada ka damu," in ji shi. "Ranar Asabar zan rama maka. Amsar tana nan, na same ta."

Ɗan Jukun ya tashi tura wa 'yar Mumuyen muryar, hannunsa ya kuskure ya jefa ta zauren hirar 'yan ajinsu na waya. Kafin ya goge, an kwafe. Wani ya yanke farkon, inda ake jin ƙarar murfi a hula da dariyarmu, ya bar tsakiyar kawai. Cikin 'yan kwanaki ta zagaya daga Abbare zuwa Majidaɗi, da rubutu a ƙasa wai ga abin da jami'a ke mayar da 'ya'yan Musulmi. Kafin Asabar ta zo, ta isa kunnen mahaifinsa, aka ce ya tattara kayansa ya dawo gida.

Na hau keke na tafi Kachalla Sembe da murfin nan biyu a aljihu, raina a ɓace, ina ta shirya hujjoji a hanya. Na tarar da tsohon a ƙofar gida yana murza igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na zuba murfin a gabansa, na yi bayani tiryan-tiryan.

"Baffa, ƙuri'a ce. Da ni na ciro ja, ni zan faɗi abin da ya faɗa. Ranar Asabar shi da kansa zai rushe maganar."

Ya ɗauki jan murfin ya juya shi a tafin hannunsa. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Bai ko ambaci sunan ɗansa ba, ɗan fari ne.

"Ɗana," ya ce da ni, "na ji muryar yaron nan. Ni na haife shi. Kai ka ce murfi ne, to murfi ya san yadda uwarsa ta kwanta? Abin da ba mu faɗa a cikin gida ba, ya je ya faɗa a gindin bishiya, duk gari ya ji."

"Baffa, ka bari ya yi rabi na biyun, ko a gabanka ne. Sau ɗaya kawai."

"Ya isa haka," ya ce, ya miƙo mini murfina. "Ka gaida mutanen gida."

Ta katanga na hango abokina a tsakar gida yana ba maraƙi dusa. Ya ɗago ya gan ni, ya sunkuyar da kai. Ba a daɗe ba aka tura shi wajen ƙanin mahaifinsa can bayan duwatsu, inda shanunsu suke. Saura shekara ɗaya ya gama. Mun rubuta bayani mun watsa, mun saka cikakkiyar muryar, babu wanda ya saurara, don ita ba ta da daɗin turawa. Mun ƙara haɗuwa a gindin mangwaron sau ɗaya ko biyu, muka zauna kamar masu zaman makoki. Ɗan Jukun bai ƙara iya haɗa ido da kowa ba. 'Yar Mumuyen, mai bakin nan, ta yi ta kuka tana cewa da ba ta tafi haƙar doya ba. Haushin kowa nake ji a lokacin, har da doyar.

Bara na gan shi a kasuwar shanu, na raka wani maƙwabcina sayen bijimi. Ya ƙara baƙi, ya rame, sanda a kafaɗa, amma hular irin ta da ce. Muka rungume juna, ya ja ni rumfar mai shayi. Mahaifin nasa ya rasu, yana da mata da 'ya'ya, shanu sun yi albarka. Ya tambayi sauran ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya da na ce 'yar Mumuyen yanzu alƙalai take yi wa tsiwa. Na yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe na kasa daurewa.

"Mutumina, har yau ina jiran rabi na biyu. Ka ce ka samu amsar."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Na same ta kuwa," ya ce. "Duk wancan makon ita na yi ta bita a raina. Ba don kai na shirya ta ba, don kaina ne, saboda Inna. Na so in faɗe ta da ƙarfi a gabanku in ji ko za ta tsaya da ƙafarta."

"To faɗa mini yanzu. Ga ni."

Ya dube ni, idanunsa suka kaɗa. Can wani ya ƙwala masa kira, an zo taya bijiminsa. Ya miƙe ya gyara sandarsa.

"Wallahi na neme ta," ya ce. "Shekara da shekaru ina nema a daji. Ta jan murfin ce kawai ban manta ko kalma ɗaya ba."