Baba Sale da Iyar Ashirin da Biyu

Duk wanda ya zauna a unguwar Abbasiya ta Alƙahira a zamaninmu ya san Baba Sale ba ya amsa magana sai da tambaya, kuma tambayar guda ce tak: "Me za ka harba?" Ka ce masa za ka sayi tukunya, me za ka harba. Ka ce aure kake nema, me za ka harba. Wallahi na taɓa ce masa zan je aski, mutumin nan ya ƙare wa kaina kallo ya ce, "Me za ka harba?" Nufinsa dai, kafin ka ɗauki makami ka san naman da ke gabanka.

Saboda waɗanda suka zo Alƙahira bayanmu, bari in faɗi ko wane ne. Tsohon maharbi ne daga wani ƙauye a gindin duwatsun Ningi, aminin mahaifina. Da furfurarsa ya zo Masar, wai zai ɗan yi karatun Larabci ya koma. Ranar da zai taho ya tsaya gaban mutanen gari da matarsa, Iyar Hamisu, ya yi alkawari biyu: zai dawo da shahadar kammala karatu, zai kuma dawo da bindigar zamani da za ta raba gonarsa da birai, don harba-ka-rugar da yake da ita biran sun daina ko waiwayarta. Shahada dai nahawu ya hana. Saura bindiga. Shi kuwa ya rantse ba zai koma Ningi hannu Rabbana ba. Sai ya zama tafintan majinyatan da ke zuwa daga gida, yana zaune da mu ɗalibai a gida ɗaya, shekara na bin shekara, yana zaɓen bindiga.

Zaɓe fa na ce, ba saye ba. Kowa ya san baƙo irinmu ba mai sayar masa da bindiga a Masar, in ma an sayar ba jirgin da zai ɗauke shi da ita. Baba ya fi kowa sani. Amma in ka tuna masa sai ya ce, "Wannan matsala ta biyu ce. Ta farko, wace iyar?"

Iyar, a bakin Misirawa, shi ne faɗin bakin bindiga da girman harsashinta. Kalmar nan ta zauna wa Baba a baki fiye da goro. Kun tuna ranar da Mudassir ɗan Gusau ya sauka? Ko jakarsa bai kwance ba aka zauna cin abinci, Baba ya buɗe karatu.

"Iyar goma sha biyu tana da kirki, ba ta da wuyar sha'ani. Sai dai hayaniya! In ta yi magana duk gari sai ya ji."

Mudassir ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Masha Allah, goma sha biyu! Allah ya raya su, Baba. Ai uwar 'ya'ya sai haƙuri."

Baba bai ko kula ba. "Na taɓa aronta wajen wani abokina, damina guda tana hannuna. Har yau kafaɗata ba ta koma daidai ba."

Mudassir ya saki cokali. "Aro, Baba? A'uzu billahi! A wace mazhabar?"

Mu kam tuni mun zube a ƙasa. Baba ya dube shi ya ce, "Wannan zai yi nisa a fiƙihu." Har Mudassir ya gama karatunsa ya tafi, sunansa Mijin Iya.

Akwai wani shagon kayan farauta wajen Ataba da Baba ke zuwa duk Alhamis. Mai shagon, Ammu Fathi, ya daɗe da cire rai da ciniki. Yana hango shi sai ya aika a kawo shayi. Su zauna su yi ta musu: iyar uku-sifili-takwas ta yi wa biri yawa, za ta ratsa shi ta je ta sami saniyar maƙwabci, ashirin da biyu ta zomo ce, biri zai sosa wurin ya ci gaba da cin masara, ta tsakiya kuwa ina za ka sami harsashinta a Ningi? Da la'asar su rabu, kowa na ganin ɗan'uwansa bai san komai ba.

Wata rana wani Alhaji da ya zo aikin gwiwa ya ji labarin shagon, ya matsa sai Baba ya kai shi. Ni na riƙe masa sanda. Muna shiga ya nuna wata ƙatuwa da aka rataye can sama don ado.

"Waccan nake so. Irin wadda ake kashe giwa da ita."

"Me za ka harba, Alhaji?"

"Zabin daji ne suka addabi gonata."

"Zabi! Alhaji, in ka harbi zabo da waccan, gashi kawai za ka kai gida, sai dai Hajiya ta yi maka farfesun fuka-fuki. Sannan ita ba gaba kaɗai take harbi ba, har baya. Ka zo gyaran gwiwa, ka dawo gyaran kafaɗa. Ni dai tafinta ne, aiki ne zai ƙaru mini."

Alhaji ya ɓata rai. "Kai fassara aka ɗauko ka, ba wa'azi ba. Gaya masa babba nake so."

Baba ya juya wajen Ammu Fathi, fuska a murtuke, ya ce da Larabci, "Yana tambaya ko kana da danƙon harbin tsuntsu." Ammu Fathi ya laluba aljihun tebur ya zaro wani da ya ƙwace a hannun jikansa, ya miƙa da hannu biyu.

"Mene ne kuma wannan?" in ji Alhaji.

"Dokar Masar ce, ranka ya daɗe. Da wannan ake farawa. In ka ƙware sai a ɗaga ka zuwa giwa."

Wallahi Alhaji ya sa shi a aljihun babbar riga. An ce har gida ya kai shi, yana nuna wa baƙi a falo.

Duk Juma'a Baba yakan kira gida, kuma ba ya waya a ɓoye, sai ya buɗe murya kowa ya ji. Iyar Hamisu kuwa ba ta da kwana-kwana.

"Malam, birai na gaishe ka."

"Ina amsawa. Ki gaya musu na kusa."

"Waɗanda ka sani ai sun mutu, jikokinsu ne yanzu. Su labarinka kawai suke ji."

"Magana ta kusa ƙarewa, saura tsakanin iyar biyu."

"To. Ni dai gwangwanina bai taɓa ƙin tashi ba."

Da gwangwani da tsakuwa da maƙogwaronta matar nan ta tsare gonar duk shekarun nan, ta aurar da 'ya'ya da abin da biran suka rage. Mukan yi dariya, Baba ma ya yi, amma in ya ajiye wayar yakan daɗe bai tambayi kowa me zai harba ba.

Sau ɗaya tak muka taɓa ganin ya riƙe bindiga. Lokacin maulidi ne a Darrasa, bayan la'asar, muka tarar da mai rumfar harbin balan-balan da bindigar iska. Muka yi ta zuga shi: yalla Baba, yau ranar maharba ce! Ya naɗe hannun riga, ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi. Ya harba, shiru. Ya sake, shiru. A na gaba sai muka ji tas! Kofin shayin mai rumfar ya tarwatse.

"Haram alaik, ya Hagg!" in ji mutumin, yana karkaɗe jallabiya.

Baba ya ajiye bindigar a natse. "Kofin na nufa. Balan-balan me ta yi mini?"

Mun yi dariya har da hawaye. Amma a motar komawa ya matso kusa da kunnena ya ce, "Sabi'u, balan-balan ɗin nan, a jere suke ko a warwatse?" Na dube shi. Ya ce likita ya daɗe da gaya masa hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi. "Kada ka gaya wa yaran nan." Ban gaya wa kowa ba sai yau. Daga ranar na daina yi masa tsiyar zaɓen bindiga, don na gane in ya gama zaɓe dole ya koma gida, gari ya taru ya ga maharbinsa ba ya ganin biri a kan dutse. Raina ya ɓaci ƙwarai a motar nan.

Sai a 2013, lokacin dokar hana fita, sojoji da shingaye a kowace kusurwa ta Abbasiya, lokacin da ko wuƙar yanka albasa ba ka son a gani a jakarka. Muna cin abincin rana Baba ya yi gyaran murya.

"Khalas. Na zaɓa. Iyar ashirin da biyu."

Muka tafa masa. "Tamam, Baba! Ashe ta zomon ce ta ci zaɓe."

"Na ma saya. Tana ɗakina."

Jama'a, ban taɓa ganin Hausawa sun bar shinkafa da nama da sauri haka ba. Mudassir ya tattara littattafansa ya yi hijira zuwa wata unguwa can, Hayyin Ashir. Wani ya ce mai gadin gidan ya riga ya ji, gobe dukkanmu muna jirgi, karatu ya ƙare. Aka yi taro a kicin, aka kawo hujjoji daga mazhaba huɗu, aka yanke cewa ni ɗan amininsa ni zan shiga in lallashe shi mu jefa ta a kogin Nilu.

Na same shi kwance, don kwanakin jikinsa ya fara ƙi. Na ce, "Baba, don girman Allah, ina take?"

Ya sa hannu ƙarƙashin filo ya zaro wani ɗan akwati da bai kai gidan ashana biyu ba. Na buɗe. 'Yan kunne ne na zinare, ƙanana, masu ɗan ganye a jiki. Sai a lokacin na tuna masu zinare ma iyar suke ce wa ma'aunin ingancin zinare.

"Misirawan nan ashirin da ɗaya suke sayarwa," in ji shi. "Na zaga su kaf. Na ce musu ashirin da ɗaya ba bindiga ba ce, ban taɓa jin ta ba. Sai wajen wani Basudane da ya dawo daga Jidda na samu."

Dariya da haushi suka haɗu mini. Na ce yau dai sai na rama. "To Baba, me za ka harba?"

Ya ce, "Iyar da ta dace da biran nan tana can tun farko, Sabi'u. Ni ne na baro ta na taho neman wata. Bayan Sallah zan tafi. Alkawari na yi zan dawo da iyar, ga shi kuwa. Wanda ya ga dama ya yi dariya."

Bai kai Sallar ba. A nan Alƙahira muka binne shi, kuma kun ga taron da aka yi. Har Ammu Fathi ya rufe shago ya zo, yana kuka yana cewa mutumin bai taɓa sayen ko allura a wajensa ba.

Da na je hutu na kai saƙon Ningi. Na tarar da Iyar Hamisu a bakin gona, gwangwaninta a gefe. Na durƙusa na gaishe ta na miƙa. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Ita ce bindigar?"

"Ita ce, Iya. Ya ce iyar ashirin da biyu."

"Shekarun nan duka, ɗan wannan ya zaɓo?"

"Ya ce daidai take da buƙata."

Ta yi 'yar dariya, ta sa ɗaya a kunne, ta riƙe ɗayan a tafin hannu. Ta ce, "Da ya tambaye ni me nake so, da na hutar da shi. Ko hannu Rabbana ne, da ya zo."

Allah ya jiƙan Baba Sale, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a inda ba ya sake raguwa. Allah ya ba Iya haƙuri, ya haɗa su a gidan da ba a yin nisa da juna. Amin.