Shaidar Inna Kulu a Shari'ar Injin Ban-Ruwa

Shari'a a duniya kan ginshiƙi biyu take tsaye: gaskiya da takarda. Ranar da na fahimci haka har yau ba ta fita raina ba, wata Talata ce a tsakiyar rani, shekarata ta farko a ofishin masu gabatar da ƙara a nan Sakkwato.

A lokacin ni ne ƙaramin lauya, wato mai ɗaukar fayil da neman ɗage zama. Shugabata, Barista Luba, ta miƙo mini shari'ata ta farko. An sace injin ban-ruwan wani manomin albasa na Dundaye mai suna Garba, aka kuma same shi wurin wani mutum da ya rantse nasa ne. Garba ba shi da rasit. Injin kuma ya zama abin shaida, yana kulle a ɗakin ajiyar kotu. Kullum Garba na bakin ofishinmu.

"Barista, albasa ba ta san ɗage zama ba," in ji shi. "In anka ƙara sati biyu, sai dai ku ba ni injin in yi ado da shi."

Shaidata ɗaya ce, mahaifiyarsa Inna Kulu, wadda ta ga an fitar da injin daga zaure lokacin da mutane ke masallacin Juma'a. Na shirya tambayoyi shafi uku. Abin da ban shirya wa ba shi ne Garba ɗan farinta ne, ita kuwa irin matan da ce masu tsananin alkunya. Tun haihuwarsa sunansa bai taɓa fita bakinta ba.

Ranar Talatar, a gaban alƙali, ta kwatanta ɓarawo tsaf, har launin hularsa. Na ce, "Inna, injin na wane ne?"

"Na yaron ga na."

"Wane yaro?"

Ta ja mayafi. "Kai ɗan nan, ba ka da ta ido? Ba shina nan zamne ba?"

Na ce ta nuna shi. Ta juya fuska wajen bango.

Ga wanda bai san aikin ba, lauyan da ya kawo shaida ba ya sa masa amsa a baki. Da na ce "na Garba ne ko?", da na ɓata shaidar da kaina. Lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe yana murmushi.

"Ya mai shari'a, yara sun yi yawa a Dundaye. In abokin aikina yana son lokaci ya nemo wanda ake nufi, ba mu ƙi a ɗage zuwa wata mai zuwa ba."

Na waiwaya, na ga Garba ya dafe kai. Shekaruna na jami'a suka bi ta gabana ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsaya taimako. Kakata ce ta faɗo mini a rai, wadda ke lissafa 'ya'yanta daga na biyu.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Huɗu, Allah shi raya."

"Faɗa wa kotu sunayensu."

"Sani, da Asabe, da Nasiru."

"Uku ke nan, Inna."

Ta ce wa bango, "Sai mai injin."

Alƙali ya cire tabarau ya goge ido. Ya umarci Garba ya tashi ya faɗi ƙannensa, ya jero sunayen nan uku. Alƙali ya rubuta, ya ce kotu ta gamsu. Kafin azahar mutumin ya amsa laifinsa. Da la'asar injin yana bayan amalanke, albasa kuma ta rayu. Buhun albasar da Garba ya kawo mini daga baya na mayar, da baƙin ciki, kamar yadda doka ta ce.

Abin da nake gaya wa sababbin shiga ke nan: ka karanta fayil, amma ka karanta gidan da shaida ya fito.

Na koma ofis ina tafiyar manya, na ba Barista Luba labari har da kwaikwayon murya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce na yi ƙoƙari. Sannan ta ce in buɗe aljihun teburina na ƙasa. A ciki akwai takardar neman sakin abin shaida ga mai ƙara, bisa alkawarin zai kawo shi duk ranar zama. Shafi ɗaya ce. Da na cika ta, da Garba ya karɓi injinsa tun makon farko.