Adasar aro

A ƙauyenmu, kusa da Hasahisa, kayan amarya yawo suke yi. Zinari na wannan gida, tob, wato lafaya, na wancan. Wadda ta hana aro kuwa ta shiga bakin mata. To, a shekarar aurena sai aka ƙara wani abu a kayan yawon: adasa, 'yar fatar nan mai launi da ake ɗorawa a ƙwayar ido. Launin zuma ce, amare huɗu sun sa ta kafin ni. A 'yar kwalba take kwana, in ruwanta ya ƙare a zuba mata na tulu.

Ƙawata, wadda aka kai ɗaki sati biyu kafin bikina, ita ta kawo mini ranar lalle. Idonta na hagu ja wur, sai ruwa yake yi. Ta ce hayaƙin turare ne. Ni ko a jikina, adasar kawai nake kallo.

Gwaggona na gefe tana kwaɓa lalle. Ido ɗaya gare ta, ɗayan fari fat tun kafin a haife ni, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Ta ce a miƙo ta gani. Ta ɗaga kwalbar, ta daɗe tana duban ƙawata, sai kawai ta juye ta a kaskon turare.

Ba don hannuwana na cikin lalle ba, da na fizge. Na yi kuka, na ce kayan mutane ne, ta ja mini abin kunya. Na ce ita me ta sani a kan kwalliyar ido. Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

"Ɗiyata," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba, "tsinken kwalli ɗaya muka zagaya da shi mu bakwai a bikin innarki. Ni ce ta ƙarshe."

Ƙawata ba ta je wurin likita ba sai da ido ya ƙi buɗuwa. An ceto shi, alhamdulillahi, amma wani farin ɗigo ya zauna mata, da wannan idon ba ta iya zura zare a allura.

Yanzu ni ma adasa nake sawa, ta likita, don ba na gani nesa. Sabulu kafin in taɓa ta, ruwanta sabo kullum, ba ta kwana a idona. An zo aro sau biyu, na hana. Marowaciya suke ce mini, su yi ta faɗi.

Da Gwaggo ta kwanta ciwon ajali, na roƙe ta gafarar abin da na faɗa. Ta ce ita ba ta tuna na ce komai ba.

"Na dai tuna an fito da ke, na leƙa fuskarki, idanunki duka biyun suna nan."