Lemon da Ya Wuce Don Anselmo

A kasuwar Zamora nake ganinsa, wani dogon dattijo mai faɗin kafaɗa da ake kira Don Anselmo, da jakar cefane rataye a hannu. Ba ya shigowa sai ya taɓa ƙofa dama da hagu, yadda mai tsaron raga ke taɓa turakunsa kafin a busa usur. Yatsunsa duk a karkace suke, ƙaramin ma ya juya wa 'yan'uwansa baya. Ina jin ya shekara ashirin yana faɗuwa cikin laka a ƙananan kulob-kulob na ƙwallo, 'yan kallo na zaginsa ta bayan raga.

Wata rana yana tsaye gaban wata mata mai sayar da lemo sai ɗaya ya gangaro daga tsibi. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, idonsa ya riga lemon isa, amma hannun ya makara. Lemon ya shige ƙarƙashin tebur.

Matar ta yi dariya. "Rabu da shi, Don Anselmo, ba alƙalin wasa a nan. Dubu nawa ka tare a rayuwarka?"

Shi bai yi dariya ba, tafinsa yake kallo.

Ya ce, "'Yata, waɗanda na tare ba mai tuna su. Har ni."