Gadar da Ban Sa wa Alama Ba

Ina roƙon manya su yi mini afuwa. Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare, ban kai in yi magana a kan mutum kamar Baba Isiyaku Direba ba, alhali 'ya'yansa da abokansa na tasha suna raye. Amma akwai abin da ni kaɗai na sani, kuma idan na yi shiru za a ci gaba da ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Ranar Talata na dawo daga makaranta, na sauka daga keke a bakin layinmu a Tudun Wada, sai na ga tabarmi a ƙofar gidansu, butoci a jere jikin bango, bencin da yake zama a kai kuma an jingine shi a kife. Mahaifiyata ta tare ni a zaure ta ce, "Hauwa, sai haƙuri. Baba Isiyaku ya rasu da hantsi, har an kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maƙwabcinmu ne. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar mota, kuma bayan ya ajiye tuƙi bai rabu da hanya ba. Kowace shekara yakan sayi sabon littafin taswirar hanyoyi a shagon wani ɗan kasuwa Inyamuri a Sabon Gari, wanda ke ajiye masa guda tun kafin ya zo. Ranar da ya kawo shi gida yakan shinshina takardar, ya ce, "Ranar da aka buga shi, ranar ya tsufa." Daga nan sai ya ɗauko jan biro. Direbobi sukan tsaya a bencinsa su ba shi labari: an raba titi kaza biyu, an buɗe sabuwar hanya ta bayan gari, kwalta ta ƙare a wuri kaza. Shi kuma ya zana. Kafin damina ta wuce, shafukan sun yi ja. Sabon bugu na zuwa, sai ya buɗe shi kusa da tsohon, ya ga rabin abin da ya gyara bara har yanzu ba a gyara ba. Bai taɓa zagin masu bugawa ba. Cewa yake, "Littafin ba ya ƙarya, makara yake yi. Su suna ofis, ruwan sama kuwa ba ya jiran su."

Bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan ba. Wani matashi ya taɓa ce masa, "Baba, ai yanzu waya na nuna hanya." Ya yi dariya ya ce, "Wayar taka ta taɓa kafewa a taɓo? In ta kafe, ka kawo ta mu yi hira."

Da yanar ido ta hana shi gani, sai ya roƙi mahaifina ya bar ni in riƙa zana masa bayan la'asar. Akawu yake kirana. "Akawu, buɗe shafin hanyar Jos." Ya ce kansa ya fara yoyo, don haka duk abin da aka faɗa masa a sa shi a takarda tun bai zube ba.

Wata rana a damina, wani direba ya bugo masa waya ya ce ruwa ya cinye wata ƙaramar gada a kan hanyar da ake yanke ta ƙauyuka. Baba ya ce, "Akawu, sa mata gicciye." Daidai lokacin ƙawayena biyu suna wucewa zuwa Islamiyya. Ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "Sakatariyar tsoho, ana aiki?" Suka fashe da dariya. Kunya ta kama ni, so nake kawai in tashi. Ban tsaya neman wurin a shafin ba. Na goga biron a kan takarda da murfinsa a rufe, don ya ji ƙara, na ce, "Na sa, Baba." Ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Bayan kamar mako uku Malam Ɗanlami, direban da ke ɗaukar kayan gwari, ya zo da mota cike da kwandunan tumatir. Ya ce, "Baba, in yanke ta ƙauyuka? Kayan nan ba sa jira." Baba ya dafe goshi ya ce, "Kamar an faɗa mini wani abu a kan hanyar nan. Akawu, duba, akwai ja?" Na duba. Shafin fes yake. A take na tuna komai. Kalma ɗaya ta isa, amma da na faɗe ta da na tona wa kaina asiri a gaban baƙo. Na ce, "Babu komai, Baba."

Allah ya tsare, ba a yi haɗari ba. Amma Malam Ɗanlami ya tarar da gada a karye, ya juya, motar ta kafe, tumatirin ya ruɓe a kwando. Da ya dawo, a gaban jama'a ya tsaya yana cewa, "Kowa ya ji, wanda ya bi littafin makaho ya ga abin da na gani!" Ina bayan ƙofar zaurenmu ina ji. Baba bai ambaci sunana ba. Ya ce, "Laifina ne, Ɗanlami. Ka yafe mini."

Daga ranar direbobi suka fara wucewa da gaisuwa kawai. Yakan zauna da littafin a cinya har magariba, babu mai tsayawa. Ni kuma na ce karatun jarrabawa ya yi mini yawa, na daina zuwa. Idan ya ji takuna sai ya ce, "Akawu, a yi karatu da kyau." Ban da wannan bai taɓa ce mini komai ba.

Ranar sadakar uku Inna Rabi, matarsa, ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini littafin da biron. Ta ce, "Ya ce a ba ki. Wai akwai wurin da ya yi ƙoƙarin gyarawa da kansa, ki duba masa ko ya dace." Na buɗe shafin. Ga gicciye ja a karkace, ya kauce daga titin da faɗin yatsa biyu, ya faɗa inda babu hanya ko kaɗan. Ashe ya tuna. Ashe ya san ban sa ba, kuma ya gwammace a kira shi makaho a bainar jama'a da a ce 'yar maƙwabcinsa ta yi ƙarya.

Na cire murfin biron na sa alamar a inda ya kamata. Malam Ɗanlami, da duk direban da ya daina tsayawa a bencin nan: Baba Isiyaku bai ɓatar da kowa ba. An kawo masa labari a kan lokaci, ya ba da umarni a kan lokaci. Ni ce na yi ƙarya, sau biyu. Ina neman gafararku, tun da na makara wajen neman tasa.

Allah ya jiƙan Baba Isiyaku, ya haskaka kabarinsa, ya miƙe masa hanya zuwa Aljanna kamar yadda ya so ya miƙe wa mutane tasu. Allah ya ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ya tsare musu mutunci kamar yadda ya tsare nawa. Amin.

Littafin yana wurina, da gyare-gyarensa da babu su a kowane bugu. Idan iyalansa sun amince, kuma manya ba su ga na yi rashin kunya ba, ina roƙon izini in sake rubutu, in fitar da su ɗaya bayan ɗaya da sunansa.